Zugin da ya ƙi tafiya bayan karaya ta warke: yadda ake shan maganin CRPS da yadda ake hana shi dawowa

Tambayoyin da ake ta aiko mana kan ciwon nan da likitoci ke rubutawa CRPS a kati (gajarcen sunan Turanci na matsanancin zugin gaɓa da ke daɗewa bayan rauni) ba su wuce uku ba: wane magani ake fara sha, har zuwa yaushe, sannan me mutum zai yi don kada ciwon ya dawo idan ya sake karyewa ko za a sake yi masa aiki? Labarin masu tambayar kusan iri ɗaya ne. An faɗo daga babur ko santsin banɗaki ya kwashe mutum, wuyan hannu ko idon sawu ya karye, an ɗaure, ƙashi ya haɗe, hoto ya nuna lafiya lau, amma hannun yana ta zugi kamar an tura shi cikin garwashi. Ya kumbura, launinsa ya sauya, ko hannun riga ne ya goge shi sai mutum ya yi ƙara.

Adadin da zan ambata shi ne wanda aka saba bai wa babban mutum. Na kawo shi ne don ka gane abin da likita ya rubuta maka, ka kuma san abin da za ka tambaye shi, ba don ka kwafa ka miƙa wa mai kemis ba. Sunayen magungunan na bar su yadda za ka gan su a jikin kwali.

1. A fara tabbatarwa shi ne

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna CRPS. Da tambaya da duba gaɓar ake gane shi, bisa ƙa'idar da masana ciwo suka tsara a Budafest a 2003. Likita zai ga cewa zafin ya zarce abin da raunin ya isa ya haifar, sannan ya nemi alamu gida huɗu: taɓawa kaɗan na jawo azaba, gaɓar ta fi 'yar uwarta zafi ko sanyi ko ta sauya launi, kumburi ko sauyin zufa, sai sanƙarewa, rawa, rauni, ko sauyin farce da gashi da fata. Mata sun fi maza kamuwa da shi kusan ninki uku, musamman waɗanda suka daina al'ada, kuma karayar wuyan hannu ce kan gaba wajen jawo shi. Yakan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki ma, a kafaɗa da hannu.

Gwaje-gwajen da za a tura ka yi na kore wasu cututtuka ne masu kama da shi: ƙwayar cuta a ƙashi, gudan jini a jijiyar ƙafa, ƙashin da bai haɗe ba, jijiyar da ta matse, ko lalacewar ƙafar mai ciwon suga. Kada ka ga kuɗinsu ka tsallake su. Maganin mataki na 3 yana iya rura ƙwayar cutar da ke ɓoye a ƙashi.

Wurin zuwa shi ne likitan ƙashi ko na jijiya. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Shika, haka sauran asibitocin koyarwa na jihohi.

Gargaɗi: idan gaɓar tana cikin siminti ko ɗaurin maɗori, yatsu suka yi baƙi ko fari fat, suka mace, ko miƙe su ya zama azaba, wannan ba maganar ƙwaya ba ce. A je asibiti a sassauta ɗaurin a daren nan, kada a jira wayewar gari.

2. Ka tara bayananka kafin a rubuta maka komai

Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har na gargajiya da haɗin da mai kemis ke ƙullawa ba suna. Ka faɗa wa likita idan kana da ciwon suga, hawan jini, olsa, ciwon ƙoda, ciwon hanta, sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya, ko ka taɓa yin tarin fuka. Mace ta faɗi idan tana da ciki, tana neman ciki, ko tana shayarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cire wani magani daga lissafi.

Sai ka sayi ƙaramin littafi. Kullum da dare ka rubuta abu uku: ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, awa nawa ka yi barci, da abin da gaɓar ta iya yi ranar, ko riƙe cokali ne, ko ɗaura zani, ko taka ƙafa zuwa masallaci. Na ukun ya fi sauran muhimmanci. Magani a wannan ciwo ba kasafai yake share zugin gaba ɗaya ba. Aikinsa ya rage shi har mutum ya iya motsa gaɓar, motsin kuma shi ke dawo da ita. Saboda haka ranar da aka rubuta maka magani, ranar za ka karɓi takardar zuwa sashen gashin ƙashi. Wanda ya sha ƙwaya ya rataye hannu a ƙirji wata uku ya yi asarar kuɗinsa.

3. Watannin farko: a kashe kumburin

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Lokacin da gaɓar take da ɗumi, ta yi ja, ta kumbura, shi ne lokacin da magani ya fi tasiri, kuma yawanci watanni uku zuwa shida na farko ne.

Paracetamol da ibuprofen ko diclofenac suna taimakawa a kwanakin farko na rauni, amma ba sa iya wa zugin CRPS da kansa. Kada a shafe watanni ana haɗiyarsu. Ƙarshenta olsa ko ƙoda.

Abin da likitoci suka fi dogara da shi a wannan mataki shi ne prednisolone na ɗan gajeren lokaci. Tsarin da aka saba: miligiram 30 zuwa 40 kullum da safe bayan karin kumallo, kimanin mako biyu, sannan a riƙa ragewa mako-mako har a daina cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙwayar da ta fi yawa a kasuwa mai miligiram 5 ce, don haka kada ka tsorata idan aka ce ka sha shida ko takwas a lokaci guda. Ka sa likita ya rubuta maka jadawalin ragewar a takarda, kwana da adadi, ka manna a bango.

Gargaɗi: kada a yanke shi farat ɗaya bayan an yi makonni ana sha. Mai ciwon suga ya riƙa gwada sugansa, don zai hau. Mai hawan jini ma haka. Kada a haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen, haɗin na fasa olsa. Mai sikila ya tabbatar likita ya sani, domin irin wannan magani na iya tayar masa da ciwon. Haka mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B da wanda ake zargin yana da tarin fuka.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne maimaitawa. Mutum ya ji daɗi a zagayen farko, ciwo ya ɗan motsa, sai ya koma kemis ya sayo da kansa, wani ma ya koma dexamethasone saboda ta fi araha. Bayan wata shida fuska ta cika, suga ya shigo, ƙashi ya yi laushi. Idan ciwon ya daɗe, gaɓar ta koma sanyi, wannan rukunin magani ba ya tsinana abin kirki.

4. Maganin ƙashi

Akwai rukunin magungunan da asalinsu na laushin ƙashi ne, amma gwaje-gwaje suka nuna suna rage zafin CRPS, musamman a farkon ciwon. Ƙa'idar kula da CRPS ta Birtaniya ta ambaci pamidronate miligiram 60 ta ƙarin ruwa, sau ɗaya, ga wanda ciwonsa bai wuce wata shida ba. A Italiya ana amfani da neridronate, miligiram 100 sau huɗu cikin kwana 10. Na haɗiya shi ne alendronate, wanda aka gwada a kan miligiram 40 kullum har mako takwas. Wanda ya fi samuwa a shagunanmu mai miligiram 70 ne na sau ɗaya a mako, wato tsarin laushin ƙashi, don haka likita ne zai tsara yadda za a yi, ba mai shago ba.

Kafin a fara sai an auna ƙoda, da kalsiyam, da bitamin D idan hali ya yi, musamman ga wanda ba ya shiga rana sosai. A kuma duba haƙora: idan akwai ruɓaɓɓen da ke buƙatar cirewa, a cire shi tukuna, domin a wasu mutane ƙalilan maganin na hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan cire haƙori.

Yadda ake shan alendronate yana da ƙa'ida. Da safe, ciki babu komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba, ba koko ba, ba madara ba. Sannan a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30 kafin a ci wani abu, kuma kada a kwanta. Wanda ya sha da asuba ya koma shimfiɗa zai tashi da ƙwannafi mai tsanani, yana iya ƙona masa maƙoshi. A watan azumi a sha shi rabin awa kafin sahur.

Gargaɗi: bayan ƙarin ruwan, mutane da yawa kan yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kwana ɗaya zuwa uku. A nan gida sai a ce maleriya ce a hau allura. Paracetamol da ruwa sun isa. Idan ya wuce kwana uku sai a je a gwada. Mai ciki da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba a ba su wannan rukunin.

5. Maganin zugin jijiya

Wannan shi ne wanda yawancin masu ciwon za su daɗe suna sha, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Amitriptyline ya fi kowanne araha. Ana farawa da miligiram 10, ko rabin ƙwaya mai 25 idan ita aka samu, awa biyu kafin kwanciya. Ana ƙarawa a hankali bayan mako ɗaya ko biyu, kuma ba kasafai ake wuce 75 ba. Yana sa barci, wanda alheri ne ga mutumin da zugi ya hana shi runtsawa. Yana busar da baki, yana taurara bayan gida. Ba ya dacewa da mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita. A ɓoye shi inda yaro ba zai kai ba. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro.

Gabapentin ana fara shi da miligiram 300 da dare, ko 100 ga tsoho, a riƙa hawa har sau uku a rana. Pregabalin ɗan uwansa ne, sau biyu a rana, ana farawa da 75 ko ƙasa da haka. Su biyun sun fi amitriptyline tsada sosai, kuma ƙoda ce ke fitar da su, don haka mai raunin ƙoda adadinsa daban. Gaskiyar magana, gwajin da aka yi wa gabapentin a kan CRPS ya nuna taimakonsa kaɗan ne. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi.

Ƙa'idar ita ce ɗaya bayan ɗaya. A fara guda, a hau da shi sannu a hankali zuwa adadin da jiki zai ɗauka, a ba shi mako huɗu zuwa takwas, sannan a buɗe littafin nan a duba. Idan barci bai gyaru ba, gaɓar ba ta ƙara komai a aikinta ba, a sauke shi a gwada wani. Masu yanke hukunci bayan kwana uku suna barin maganin da zai yi musu. Masu haɗa uku rana ɗaya kuwa, idan jiri ya kwashe su ba su san wanne ne ya jawo ba.

Gargaɗi: makon farko da duk lokacin da aka ƙara adadi, a bar tuƙi, a bar babur, a bar hawa gini. Kada a yanke gabapentin ko pregabalin rana ɗaya. Ana saukowa ne cikin mako guda ko fiye. Mai azumi ya nemi likita ya sake masa tsarin sau ukun, kada ya haɗa na rana da na dare a buɗa-baki.

Sai maganar tramadol, tunda ita ce ake fara miƙa wa duk wanda ya ce yana ciwo. Ba ta warkar da CRPS, jiki yana sabawa da ita, kuma haɗa ta da amitriptyline na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa ta da pregabalin ko maganin barci kuwa yana danne numfashi. Idan likita ya rubuta ta, ta 'yan kwanaki ce bayan aiki ko sabuwar karaya. Manyan nan masu miligiram 200 zuwa sama da ake sayarwa a ɓoye ba su da rajistar NAFDAC, ba su da gurbi a wannan jinya.

6. Na shafawa, da abin da ba a yi wa gaɓar

Filastar lidocaine mai kashi 5 cikin 100 tana taimaka wa wurin da taɓawa ke yi wa zafi: awa 12 a manne, awa 12 a cire. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. A Holan likitoci na ba da man DMSO mai kashi 50 cikin 100 a farkon ciwon.

Abin da ya fi waɗannan amfani a wurinmu shi ne sanin abin da za a guje wa. Man zafi yakan ƙara wa fatar ƙuna. Gashi da tafasasshen ruwa da ɗora ƙanƙara duk suna tayar da ciwon. Ƙaho, tsaga da sakiya a kan gaɓar sabon rauni ne, sabon rauni kuma shi ne ainihin abin da ke kunna wannan ciwo. Haka maɗori ya sake murɗa ta ko ya sake ɗaurewa da sunan ƙashi bai zauna ba. A yi alwala da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a lokacin hunturu a sa safar hannu ko ta ƙafa mai laushi wadda ba ta matsewa.

7. Idan duk waɗannan ba su yi ba

A nemi a tura ka wurin likitan sa barci mai kula da ciwo. Akwai ƙarin ruwan ketamine da ake yi a kwance a asibiti ana lura da hawan jini da hanta. Yana rage zafi na wasu makonni, ba ya warkarwa. Akwai allurar toshe jijiya a wuya ko a baya, wadda amfaninta ga wanda ta yi wa shi ne samun sararin yin motsa gaɓa. Idan baƙin ciki ko fargaba sun shigo, a faɗa wa likita ba kunya. Ciwon da ya hana barci watanni dole ya taɓa zuciya, kuma magance wannan na cikin jinyar. Masu roƙon a yanke gaɓar su huta, su sani zugin yakan ci gaba a dungulmin.

8. Hana shi dawowa

Wanda ya taɓa yin CRPS yana cikin haɗarin sake yinsa idan gaɓar ta sake samun rauni ko aka yi mata aiki. Rigakafin yana farawa ne kafin wuƙa ta taɓa fata.

Ka rubuta a ƙaramin kati cewa ka taɓa yin CRPS, a wace gaɓa, wace shekara, da maganin da ya yi maka. Ka ajiye shi tare da katin asibiti. Ka nuna wa likitan fiɗa da likitan sa barci tun ranar da aka fara maganar aiki. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a ɗaga shi har alamun su kwanta; ƙa'idar Birtaniya ta fi son a jira shekara guda bayan lafawarsu. Idan dole ne, ka tambaya ko za a iya kashe jijiyar gaɓar da allura don a tare ciwon bayan aiki, a kuma taƙaita lokacin ɗaurin tsayar da jini. Maganin jijiyar da kake sha kada ka ajiye shi saboda aiki sai likita ya ce. Ɗibar jini, allurar ƙarin ruwa da awon hawan jini a yi su a ɗaya hannun in da hali.

Sai bitamin C. Miligiram 500 kullum har kwana 50, a fara tun ranar karaya ko ranar aiki. Wani gwaji da aka wallafa daga Holan a 2007 kan masu karayar wuyan hannu sama da 400 ya samu CRPS a kashi 2.4 cikin 100 na waɗanda suka sha bitamin C, da kashi 10.1 na waɗanda ba su sha ba. Wani gwajin daga Sukotland a 2014 bai ga bambanci ba, shi ya sa likitoci suka rabu a kansa. A ganina, abu mai arahar nan da ƙarancin illa, ga mutumin da ya taɓa ɗanɗana wannan azaba, ya cancanci a sha. Ƙananan ƙwayoyin da aka saba sayarwa masu miligiram 100 ne, wato biyar ke nan a rana. Ka ƙirga kwana 50 ɗin ka saya gaba ɗaya, don masu saye kaɗan-kaɗan a mako na biyu suke mantawa.

Gargaɗi: ƙara adadin zuwa 1,500 bai ƙara kariya ba a gwajin na Holan. Mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Kuma bitamin C na rigakafi ne; ba ya maganin CRPS da ya riga ya kama.

Makon farko bayan rauni shi ne ma'auni. Bincike ya nuna wanda ciwonsa ya tsaya a 5 cikin 10 ko sama a makon farko bayan karayar wuyan hannu ya fi shiga haɗari. Kada ka yi ta maza ka daure. Ka koma a duba simintin, a sassauta idan ya matse, a gyara maganin ciwon. Ka ɗaga gaɓar sama da ƙirji lokacin hutu, ka riƙa motsa yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa tun rana ta farko, kuma kada siminti ya wuce ranar da aka ce a cire. Mai shan taba ya ajiye ta. Mai shan lisinopril, enalapril ko captopril don hawan jini ya ambata wa likita, saboda wani bincike a Holan ya ga alaƙa tsakanin wannan rukuni da kamuwa da CRPS. Amma kada ya daina da kansa.

Idan ɗumi, kumburi da zugin da ka sani suka fara dawowa, ka je asibiti cikin makon, a koma mataki na 1 da na 3 tun gaɓar tana da ɗumi. Tashin ciwo na kwana biyu ko uku bayan aiki mai yawa ko sanyi kuwa ba dawowa ba ne: a rage aiki, kada a daina motsi, kada a ninka ƙwaya.

9. Kuɗi da sauke magani

Farashi na sauyawa, amma jerin bai sauya ba: amitriptyline, prednisolone da bitamin C su ne masu sauƙi, gabapentin da pregabalin su ke cin aljihu wata-wata, ƙarin ruwan ƙashi da ketamine su ne masu nauyi a lokaci guda. Mai inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha ya tambaya wanne ke cikin jerinsu. Idan kuɗin ba zai kai duka ba, ka faɗa wa likita ƙarara ya zaɓa maka mai arahar, ka ware na zuwa gashin ƙashi. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Idan gaɓar ta koma aikinta kuma ciwon ya lafa watanni a jere, sai a fara saukewa tare da likita: magani ɗaya a lokaci guda, a fara da wanda ya fi damunka da illa ko tsada, a rage kaɗan duk mako ɗaya ko biyu. Idan zugin ya motsa, a koma adadin da ya gabata a zauna a kansa wata guda kafin a sake gwadawa. Kada a fara saukewar a tsakiyar hunturu ko ana gab da yi maka aiki.